Kaya Sai Ya Kwana

Da la'asar ruwan da aka wuni ana tsugawa ya ɗauke, rana ta leƙo ta tsakanin gajimare kamar baƙuwa mai jiran a ce ta shigo. Hasken ya biyo ta taga ya sauka daidai kan teburin da Auta ya shimfiɗa wa farin ƙyalle. Wannan hasken yake jira tun safe, don an gaya masa bidiyo ba ya kyau sai da hasken taga. Ya jingina wayarsa da gwangwanin madara, ya tokare ta da soso don kada ta zame, ya gyara wa filas zama a tsakiyar tebur, sannan ya yi gyaran murya.

"Jama'a barkanku da war haka. Yau na zo muku da wani filas na garari, wanda... wanda..."

Sai maganar ta tsere masa. Ya leƙa tafin hannunsa inda ya rubuta sauran da biro, ya tarar gumi ya cinye rabin rubutun. Ya kashe kyamarar ya zauna a bakin gado, yana kallon filas, filas na kallonsa.

Aikin dai, yadda aka bayyana masa, ba shi da wuya. Wani shago ne mai sayar da kayan gida ta intanet. Sun ba shi 'yan kaya na gwaji, filas da fitilar caji da wata 'yar na'urar yanka albasa, suka haɗa masa da wani shuɗin rubutu da ake kira linki. Nasa shi ne ya yi bidiyon kayan, ya sa a shafinsa, ya liƙa linkin a ƙasa. Duk wanda ya danna ya saya, Auta yana da la'ada. Ranar da aka gama yi masa bayani sai da ya yi dariya, ya ce ashe dillanci ne, sai dai wannan ba ya cin takalmi. Dillanci kuwa a cikinsa ya buɗi ido. Inna, Allah ya jiƙanta, da shi ta raine su shi da Yayarsa, tana ɗaukar kaya a wata babbar jaka tana shiga gida gida.

To amma ga wata ya raba tsakiya har ya gangara, ko mutum ɗaya bai danna ya saya ba. Masu kallon bidiyonsa ya san su kaf: shi kansa, da Yaya, da mai shayin bakin kwana wanda ke rubuta "Allah ya ba da sa'a" a ƙarƙashin kowane bidiyo tun kafin ya kalla. Masu shago sun faɗa masa tun farko, in wata ya ƙare ba ciniki za su karɓi kayansu. Yaya ma ta faɗi nata. Mijinta yana da gurbi a sitonsa a can garin da suke, aikin loda kwalaye, in wannan wasan wayar bai yi ba Auta ya mayar wa mai gida makullin ɗaki ya taho.

"Ɗaki ne fa kawai, Auta," ta ce masa a waya. "Bulo ne da kwano. Inna ba ta cikinsa."

Bai musa mata ba, don shi ba mai musu ba ne. Amma ga ƙusar da Inna ke rataya jakarta nan a bayan ƙofa, ta lanƙwashe saboda nauyin shekaru. Ga inda ƙeyarta ta goge fentin bango, wurin da take jingina in ta dawo tana murza ƙafafunta. Ga tagar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta sama kaɗan, wadda ba wanda ya san sirrinta sai su uku. Wanda zai shigo bayansa fenti zai yi, ya cire ƙusar, ya kira kafinta.

Yana cikin wannan tunanin sai Darakta ya turo ƙofa, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, takalma a hannu. Abokinsa ne tun suna yara, yana da 'yar rumfar caji da gyaran waya a bakin titi. Sunan ya samo shi ne saboda ba ya ganin abu ya wuce bai ɗauka a waya ba, ko akuya ce ta faɗa kwata sai ya gaya mata inda za ta kalla. Shi ya haɗa Auta da masu shagon, shi ne kuma malaminsa a wannan harka.

"Ranka ya daɗe, babban ɗan kasuwa! An gama?"

"Ko farawa ba a yi ba."

"Kai dai wallahi in ana rabon sanyin jiki kai ka fara shiga layi, shi kaɗai ne layin da ka taɓa yin na ɗaya. Tashi. Ka ɗaga murya, ka yi dariya, ka nuna kamar filas ɗin nan ya taɓa ceton ranka. Mutane ba su da lokaci, kafin ka ce barkanku sun wuce wajen mai rawa."

Darakta ya ɗauki wayar zai riƙe masa, sai ta nuna ba sauran wuri. Ya yi tsaki ya shiga lalube don ya ga abin da ya cika ta. Can ya tsaya.

"Wannan kuma mene ne? Bidiyo mai tsawo haka, kuma ba komai sai rufin ɗaki da fanka? Bari in share."

Auta bai san lokacin da ya miƙe ya kama hannunsa ba.

Wayar ta Inna ce. Yaya ta saya mata a shekararta ta ƙarshe, ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta gane kanta ba. Wata rana ta je wani gida da kaya, ta so ta kunna tocila don ta duba cikin jaka, sai ta danna kyamara. Da ta ga haske bai zo ba ta ajiye wayar a tabarma, fuskarta sama, ta ci gaba da harkarta. Haka wayar ta yi ta ɗaukar silin da fankar da ba ta juyawa, jefi jefi gefen mayafi ya gifta. Amma murya ta fito tar, kamar tana zaune a bakin gadon nan. Auta bai gano bidiyon ba sai bayan rasuwarta, kuma bai taɓa kunna wa kowa ba, ko Yaya.

Yau dai, da yake Darakta ya riga ya gani, sai ya bar shi ya kunna.

"Kafin ki taya filas ɗin nan, tsaya ki ji aibinsa," in ji muryar Inna. "Ƙarfen mai kyau ne, zai binne ni ya binne ki. Amma robar matoshin nan ba ta da ƙarko. Za ta yi 'yan shekaru ta saki."

Wata murya mai kauri ta amsa, muryar Gwaggon Bene, tsohuwar da ke zaune a saman wani gida can bayan kasuwa. "Ke kam ba ki iya dillanci ba. Wa ya aike ki ki faɗa?"

"In ban faɗa ba ai ke za ki faɗa wa unguwa duka, kuma da ƙari."

Suka kwashe da dariya, Inna har da tari.

"To nawa zan ba ki?"

"Ba yau ba. Kaya sai ya kwana. Ki zuba masa tafasasshen ruwa da magariba ki rufe. Da safe in kin buɗe ya ƙona ki, mu yi ciniki. In ya huce, ki ajiye mini abina a bakin ƙofa, ba faɗa ba gaba. Autana zai zo ya ɗauka."

"Wannan yaron naki mai tafiya kamar yana taka ƙwai?"

"Shi fa. Ba ya sauri, amma bai taɓa fasa mini komai ba."

Daga nan hira ta koma kan ciwon gwiwa da tsadar sabulu da wata maƙwabciya da ta yi sabon haƙori. Darakta ya tsayar da bidiyon. Idonsa ya yi ja, ya goge hanci da bayan hannu. Da ya buɗe baki kuwa sai muryar sana'a ta fito.

"Auta, kana zaune a kan zinariya kana kukan talauci. Ka san abin da wannan zai yi? Zan yanko inda take maganar filas, in ɗora a kan hoton sabon filas ɗin nan, in sa kiɗa mai sanyi a ƙasa, mu rubuta muryar mahaifiyata marigayiya. Wallahi ko dutse ne ya kalla sai ya danna linki."

"Muryar Inna ce fa."

"Na sani. Ni ma na ci abincin hannunta, ta sha ja mini kunne. Da wannan muryar ta ciyar da kai tana raye. Kana ganin yau in an tambaye ta za ta hana ka? Ko ka fi son ka tafi loda kwalaye, wani ya zo ya mayar da ɗakinta wurin ajiye babur?"

Maganar Darakta ba ƙarya a cikinta, kuma ba da mugunta ya faɗa ba. Auta ya bar shi ya tura bidiyon zuwa wayarsa ya tafi da shi.

Washegari da hantsi Darakta ya kira shi rumfa. Ya kori masu jiran caji gefe, ya sa masa abin ji a kunne, ya kunna. Aikin ya yi kyau, ba a magana. Sabon filas yana juyawa a hankali cikin haske, kiɗa na tafiya, muryar Inna na cewa ƙarfen mai kyau ne, zai binne ni ya binne ki. An cire maganar roba. An cire tarin. An cire Gwaggo gaba ɗaya, sai dariyar Inna ita kaɗai, kamar mai dariya a ɗakin da ba kowa.

"Saura ka danna nan kawai," in ji Darakta. "Danna, mu je mu sha shayi, kafin mu dawo ka zama wani abu."

Auta ya riƙe wayar, babban yatsansa na shawagi. Ya tuna Inna ba ta taɓa shiga gida ba sai ta yi sallama an amsa, ko da ƙofa a buɗe take, ko da rana na dukanta. Yanzu zai tura ta gidajen da ba ta sani ba, cikin aljihun mutanen da ba su san ko sunanta ba, wasu su yi kuka, wasu su wuce, wasu su rubuta abin da suka ga dama a ƙarƙashinta. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi damunsa shi ne, filas ɗin da take yabo ba wannan ba ne. Wannan ba ta taɓa ganinsa ba, ba ta ɗaga shi ta ji nauyinsa ba, bai kwana a gidan kowa ba. Matar da ta yi rayuwarta ba ta sayar da abin da ba ta gwada ba, ga shi ɗanta zai sa ta yi bayan ba ta da bakin cewa a'a.

Ya miƙa wa Darakta wayarsa.

"Bari ya kwana."

"Bidiyon? Ai ba wake ba ne da za a jiƙa."

"Filas ɗin."

Darakta ya ɗaga hannu sama kamar mai kai ƙara. "Jama'a ku zo ku ji! Wata na ƙarewa, shi yana neman wa filas masauki!"

Kafin rana ta faɗi Auta ya naɗe filas a tsohuwar jakar Inna ya kama hanyar bayan kasuwa. Ya daɗe bai bi ta nan ba. Inda mai gyaran agogo yake zama yanzu shagon sayar da kati ne. Bishiyar da Inna ke tsayawa a ƙarƙashinta ta sauya kafaɗa an sare ta, sai kututture da wani ya ɗora tallan gawayi a kai. Amma kwatar nan mai faɗi tana nan, wadda in sun iso Inna kan ce masa ya ba ta jakar ya fara tsallakawa, in ya tsallaka ta miƙo masa, sannan ita ta tattare zani ta biyo. Yau shi kaɗai ya tsallaka, da jakar a kafaɗa, ya ji ta yi masa rashin nauyi.

Matattakalar benen tana nan yadda ya san ta, mai duhu, ƙarfen riƙewa na girgiza. Ya yi sallama daga ƙasa, ya ƙara a tsakiya, sai a ta uku aka amsa.

Gwaggo na zaune a kujerar roba kusa da taga, ta rame, idanunta sun yi fari fari. Jikokin da take zama da su duk sun fita nema. Ta karkata kai tana sauraron takunsa.

"Wannan tafiyar na san ta. Duk garin nan mutum ɗaya ne ke hawa bene kamar yana tsoron ya tashe shi daga barci. Autan dillaliya ne?"

"Ni ne, Gwaggo. Ina wuni?"

"Ina wuni bayan shekara nawa? Ka ci gidanku. Zo nan in taɓa ka. Kai, har da gemu! An yi auren?"

"Tukuna, Gwaggo."

"Ai na sani. Kafin ka gama sallama wani ya ɗauke ta."

Ya durƙusa suka gaisa sosai, ta yi wa Inna addu'a, muryarta ta ɗan karye, sai ta rufe da faɗan cewa ba wanda ke kawo mata sabulu mai kyau tun da aka rasa ta. A nan ne idonsa ya kai kan wata 'yar kanta da ke jikin bango. Ga tsohon filas ɗin nan a tsaye, jan fentinsa ya koɗe, gindinsa ya lotsa, an naɗe matoshin da tsumma an ɗaure da zare.

"Har yanzu yana nan?"

"Ina zai je? Uwarka ta ce zai binne mu, ga shi ya cika rabin alkawari. Robar ce ta saki, yadda ta faɗa. Yanzu in na zuba ruwa da dare, da safe sai dai ɗumi ɗumi, da shi nake haɗiye magani. Yaran nan sun ce in jefar. Na ce su fara jefar da ni."

Auta ya zaro sabon filas ya ɗora mata a cinya, ya yi mata bayanin aikinsa iya yadda zai iya. Ta saurara tana shafa filas ɗin da tafin hannu, tana ƙwanƙwasa shi da farce.

"Wato dillanci kake yi, amma ba ka ganin mai saye, mai saye ba ya ganinka."

"Haka ne."

"To wa ke ba ka ruwa in ka gaji?"

Ya yi dariya. Ya roƙe ta ta bar kayan ya kwana a wurinta. Ta ce ai ba sai ya roƙa ba, ta san doka. Shi ya dafa ruwan a kan risho, ya cika filas, ya ɗaure murfin tamau, ya ajiye shi kusa da tsohon.

Da sassafe ya dawo, gari ya yi luf bayan yayyafin asuba. Kafin ya fito da waya sai da ya zauna ya gaya mata komai: cewa zai ɗauki hoto mai motsi, mutanen da ba ta sani ba za su ji muryarta, wasu ma daga nesa. In ba ta so, ya mayar da wayar aljihu, ba komai.

"Su ji mana, ni na taɓa jin kunyar magana? Amma ban da fuskata. Ɗankwalin nan ba na shiga mutane ba ne."

Ya saita kyamara a kan hannayenta da filas kawai. Bai ce jama'a barkanku ba. Bai rubuta komai a tafin hannu ba. Ya dai ce, da muryarsa ta kullum, "Gwaggo, jiya da magariba muka zuba ruwan nan. Buɗe mu gani."

Ta kama murfin ta murɗa, ya ƙi. Ta sa gefen zani ta ƙara murɗawa, jijiyoyin hannunta suka tashi, ya ƙi.

"Kai, wannan murfin sai ɗan dambe! Wanda ya ƙera shi ba shi da kaka?"

Auta ya sa hannu ɗaya ya sassauta mata. Tana cire matoshin tururi ya taso ya rufe gilashin kyamara, komai ya yi fari, sai muryarta kawai ake ji tana cewa wai, wai, wai. Ya goge gilashin da bakin riga. Ta tsiyaya kaɗan a kofi, ta kai kusa da leɓe, ta janye da sauri.

"Zafi kam akwai shi, ba ƙarya. Wannan zai fige kaza. Amma duk mai tsohuwa a gida, ya sassauta mata murfin kafin ya fita, in ba haka ba ta wuni tana kallon ruwa ruwa na kallonta."

"To Gwaggo, za ki saya?"

"In saya in kai ina? Ina da nawa."

Da Darakta ya kalli bidiyon a rumfa sai ya dafe kai da hannu biyu.

"Tsaya in gane. Ka kai kaya, mai saye ta kasa buɗewa, ta zagi wanda ya ƙera, ta ce ba ta saye. Shi ne kake so duniya ta gani? Kawo in yanke wajen murfin da ƙarshen, sauran zai yi."

"A bar shi haka."

"Auta, ana tallan kaya ne, ba a kai ƙararsa."

"Ita Gwaggo na tambaye ta, ta ce e. Abin da ta faɗa kuma shi ta gani. Inna ba ni da inda zan tambaye ta." Ya nuna wayar Darakta, ya ce, "Don Allah ka share wancan."

Darakta ya dube shi, ya dubi titi, ya ja tsaki mai tsawo. Ya ce aikin da ya ɓata dare yana yi, ya ce wasu mutane ko an kai su bakin kogi sai sun tambayi ruwa izini. Yana faɗa yana dannawa. Ya juyo da fuskar wayar ya nuna masa wurin ya zama fili, wanda ya gyara da wanda aka tura masa duka. Sannan ya karɓi wayar Auta ya gyara masa hasken bidiyon Gwaggo, ya ƙara ƙarfin murya, bai yanke ko numfashi ba.

Da Auta ya sa bidiyon a shafinsa, bai tashi duniya ba. Ranar farko mai shayi ne ya fara zuwa da Allah ya ba da sa'a, yadda ya saba. Amma zuwa yamma sai ga baƙin sunaye. Wani ya rubuta cewa kakarsa sak, har tsakin. Wata ta tambaya ko murfin yana sakin jiki in an daɗe ana amfani da shi, Auta ya amsa mata cewa bai sani ba tukuna, in ya sani zai faɗa. Wata kuma ta ce don Allah a kai wa Gwaggo fitilar cajin ita ma ta kwana, tana so ta ji me za ta ce. Yakan zauna a bakin gado ya amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana goge kuskuren rubutu yana sakewa, kamar mai amsa sallama.

Ana saura kaɗan wata ya mutu, yana wanke kofi, wayar ta yi ƙara. Saƙo ne daga shago: wani ya saya ta linkinsa. Bai san ko wane ne ba, ko mace ko namiji, ko a wane gari. Ya tsaya da kofin a hannu yana kallon ƙusar bayan ƙofa, har ruwan ya ɗiga masa a ƙafa. Kafin mako ya zagayo wasu suka biyo baya, ba da yawa ba, amma sun isa masu shago su ce ya riƙe kayan, har za su ƙaro masa da tukunyar lantarki.

Ya kira Yaya ya gaya mata. Ta ce ta kalli bidiyon, ta gane muryar Gwaggo tun kafin ta gama kalmar farko.

"Kaya sai ya kwana," ta ce. Ya ji tana jan hanci. "A ina ka tuno wannan?"

"In kin zo zan kunna miki wani abu. Ba na turawa ba ne, sai kin zo ɗakin."

"To. Zan gaya wa maigidan ya nemi wani a siton. Amma wata mai zuwa ma ina kallonka, ka ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Ranar da zai kai wa Gwaggo fitila, sai ya bi ta layin masu tsofaffin kaya a cikin kasuwa. Ya daɗe a tsugune gaban wani tuli na murafai da matosai da hannayen tukwane, yana tonawa, mai kayan na tambayarsa ko zinariya ya jefar a ciki. Tun ranar da ya kai filas ya auna bakin tsohon matoshin da zare ya ƙulla, zaren na aljihunsa. Can ƙasa ya samu wata baƙar roba sabuwa, ya gwada da zaren, ta yi daidai.

Ya hau benen da azahar, ya yi sallama a hankali. Wata jikar Gwaggo da ke shirin fita ta amsa, ta nuna masa tsohuwar da baki. Tana kujerarta ta taga, kai ya karkata, barci ya ɗauke ta, bakinta a ɗan buɗe. Ya ajiye fitilar a inda hannunta zai kai in ta farka.

Sannan ya sauko da tsohon filas daga kan kantar. Ya kwance zaren, ya warware tsumman, ya ɓanɓare ragowar tsohuwar robar da ta bushe ta manne, ya goge wurin da bakin rigarsa. Sabuwar ta shiga da ƙyar, ta zauna daram. Ya dafa ruwa a risho ba tare da ya bari murfin buta ya yi ƙara ba, ya cika filas ɗin, ya toshe, ya kifa shi ya ga ko ɗigo babu. Ya tsaya yana kallon tsumman a hannunsa. Sai ya mayar da shi, ya naɗe yadda ya same shi, ya ɗaure da zaren nan nata, ya sa murfin sako sako yadda hannunta zai iya.

Ya mayar da filas ɗin gurbinsa, ya rataya jakar Inna a kafaɗa, ya ja ƙofar a hankali, ya sauka benen yana taka matattakala ɗaya bayan ɗaya.